Tarihin Gidajen Hukuma a Birnin Gombe da Kasafin Kula da Su, 1919 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce bin diddigin yadda hukumomi daban-daban suka samar wa ma'aikatansu da sauran jama'a muhalli a birnin Gombe, tun daga zamanin En'e har zuwa bayan da garin ya zama hedikwatar jiha. Abin da muke nufi da gidajen hukuma shi ne duk gidan da aka gina da dukiyar jama'a, ko dai don a zaunar da ma'aikaci a ciki, ko a bayar haya, ko kuma a sayar wa mai ƙaramin ƙarfi ya riƙa biya sannu a hankali. Za mu dubi inda kuɗin ginin ya fito a kowane zamani, da wanda aka ɗora wa alhakin kula da gidan bayan an gama shi. Abin da muka lura da shi shi ne, a duk lokacin da matsayin Gombe ya ɗaukaka akan sami kuɗin gina sababbin gidaje, amma kuɗin gyaransu shi ne ya fi wuyar samun gurbi a cikin kasafi.

2.0 Zamanin En'e da Baitulmali

Gombe ta yau ba ita ce cibiyar masarautar ta farko ba. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tuta a jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804, ya kafa fadarsa ne a Gombe Abba, a bakin kogin Gongola. Bayan zuwan Turawa da yaƙin Burmi na 1903, sai aka mayar da hedikwata Nafada a 1913, sa'annan aka sake ɗauke ta zuwa Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru Kwairanga. Wannan Doma ita ce ta zama Gombe da muka sani yanzu.

Ƙaura irin wannan ba ta yiwuwa sai da gini. Dole a tanadi fada da kotu da gidan yari da baitulmali da kasuwa, da kuma masaukin ma'aikatan da za su riƙe waɗannan wurare. A tsarin mulkin mallaka na Arewa, gine-ginen hukuma kashi biyu ne. Gidajen Di'o da sauran Turawa suna can bariki, nesa da gari, kuma gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu. Gine-ginen En'e kuwa daga baitulmali ake biyan kuɗinsu, wato daga kason da En'e take riƙewa na haraji da jangali, da kuɗin kotu da na kasuwa.

Abin lura a nan shi ne yadda aka tsara kasafin En'e. Shekarar kuɗi takan fara ne ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris, kuma Razdan yakan duba kasafin kafin a zartar da shi. A ɓangaren ayyuka akan ware babi biyu: na ayyukan da ake maimaitawa kowace shekara, da na manyan ayyukan da ake yi sau ɗaya. Gyaran gine-gine yana cikin babi na farko. Dalili kuwa a fili yake, domin galibin gine-ginen farko na ƙasa ne, kuma duk soron da ba a yi wa yaɓe aka gyara indararonsa kafin damina ba, to, ba lalle ya ga kaka ba. Ba muna cewa tsarin ya yi wa talaka adalci ba ne, tun da shi ke biyan harajin, ga shi kuma ba a gina masa ko ɗaki guda ba. Iyakar abin da muke nunawa shi ne, a wancan zamani mai ginin da mai karɓar kuɗin da mai gyaran duk hukuma ɗaya ce, kuma tana zaune a cikin garin.

3.0 Auduga, Jirgin Ƙasa da Gidajen Ma'aikatu

Daga shekarun 1950 Gombe ta bunƙasa saboda noman auduga da gyaɗa. An kafa injin gurzar auduga a garin, wanda har yau wata unguwa ke amsa sunan kamfanin da ya kawo shi, wato BCGA. A 1963 layin dogo da aka ja daga Kuru ta Bauchi ya iso Gombe, kafin ya kai Maiduguri a 1964. 'Yan kasuwa da leburori da masu sana'a suka yi ta kwarara daga Kano da Barno da ƙasar Tangale da kudancin Nijeriya, unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Tudun Wada da Sabon Layi suka cika.

A wannan zamani aka sami wani sabon nau'in gidajen hukuma. Kowace ma'aikata takan gina wa mutanenta nasu: hukumar jiragen ƙasa tana da kwatas ɗinta, 'yan sanda suna da barikinsu, asibiti da makarantun kwana suna da gidajen ma'aikata. Akan cire ɗan wani kaso daga albashin ma'aikaci a matsayin haya. Sai dai kuɗin ba ya tsayawa a Gombe. Yakan shiga babban asusun gwamnati ko na hedikwatar ma'aikatar, a Kaduna ko Legas, in kuma rufi ya fara yoyo sai a rubuta takarda a jira amsa. Ƙirƙiro jihohi ya ƙara sauya inda ake kai kuka: daga 1967 Maiduguri, hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, daga 1976 kuma Bauchi. A shekarar 1976 ɗin ce kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, aka raba kadarorinta tsakanin jiha da ƙaramar hukuma.

4.0 Shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 shi ya jawo Gwamnatin Tarayya cikin harkar gina wa talakawa gidaje. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, da Bankin Ba da Lamunin Gina Gidaje na Tarayya a 1977. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ƙudurci gina gidaje 202,000 a faɗin ƙasa, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. A 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta yadda ko Gwamnatin Tarayya sai ta nemi fili daga jiha kafin ta yi gini.

Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, abinci da muhalli su ne manyan alkawuransa. An tsara gina gidaje 40,000 kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha da kuma Abuja. Gombe a lokacin tana cikin Jihar Bauchi, wadda Alhaji Abubakar Tatari Ali ke mulki. Farashin mai ya fara faɗuwa a 1981, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, kuma ya zuwa 1983 gidaje kimanin 32,000 kawai aka gama a duk ƙasar. Unguwannin da ake kira Federal Low Cost da State Low Cost a Gombe suna ɗauke da sunan irin waɗannan shirye-shirye na gidaje masu sauƙin kuɗi, ɗaya na tarayya, ɗaya na jiha.

An yi wa gidajen Shagari suka ta fuskoki da dama. An zana fasalinsu iri ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, galibinsu ɗaki ɗaya da falo, babu zaure, babu katangar da za ta suturta iyali, alhali magidanci a Gombe ba ya jin ya shiga gida sai da waɗannan. A wurare da yawa an yi ginin a bayan gari ba tare da an tanadi kuɗin hanya da ruwa da lantarki ba. Waɗanda suka tare sai suka yi ta ƙara ɗakuna da katanga daga aljihunsu, abin da ya rage na kowa da kowa kuwa, kamar magudanar ruwa da titi, ya rasa mai shi.

Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, gwamnati ta fara janye hannunta daga gini. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992 sun mayar da nauyin kan ma'aikaci, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa don ya cancanci rance mai ruwan kashi 6 cikin ɗari.

5.0 Gombe a Matsayin Hedikwatar Jiha

Ran 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Gombe mai ƙananan hukumomi 11. Ma'aikata 'yan asalin sabuwar jihar suka baro Bauchi da iyalansu zuwa garin da ba a shirya shi don karɓarsu ba. Ofisoshi suka shiga gidajen haya, kuɗin haya ya tashi. Rukunin gidajen Orji, mai ɗauke da sunan kantoman jihar na farko, Joseph Orji, yana tuna mana da wannan matsi. Daga bisani rukunin gidaje suka ƙaru a Shongo da Tumfure. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Gombe sun haura 260,000, kuma rikicin Boko Haram ya ƙaro dubban masu neman mafaka daga Barno da Yobe da Adamawa, musamman a 2014.

Wannan bunƙasa ta zo da matsaloli biyu da suka shafi kasafi kai tsaye. Ta farko, garin ya tumbatsa ya shiga ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. Tumfure, alal misali, a Akko take. Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa ƙaramar hukuma aikin sa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da kwashe shara, da ƙiyasta harajin gidaje, saboda haka rukunin gidajen da jiha ta gina don masu aiki a Gombe yakan faɗa ƙarƙashin wata ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke nesa. Ta biyu, Gombe tana cikin kwari ne, ƙasarta kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. Ambaliyar watan Agusta na 2004 ta ci rayuka ta rushe gidaje, kwazazzabai kuma sun daɗe suna cin unguwanni irin su Malam Inna da Kagarawal, har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya don tare su. A gari irin wannan, kasafin gidaje da bai ƙunshi magudanar ruwa ba bai cika ba.

A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin biyan ma'aikaci kuɗin muhalli a cikin albashinsa maimakon ba shi gida, aka shiga sayar da gidajen tarayya. Jihohi da dama suka bi sahu, suna sayar wa wanda ke zaune a ciki. Hakan ya sauke wa hukuma nauyin gyara, ya kuma mallaka wa wasu muhalli, amma ma'aikacin da aka ɗauka daga baya bai tarar da kome ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa Gombe cikin jihohin da ta ware wa gidaje 250 kowace. A shekarar ce kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Kashi 2.5 cikin ɗari na wannan kuɗi shi ne Naira 1,750 a wata, abin da bai kai rabin kuɗin buhun siminti guda ba a lokacin, duk da cewa kamfanin siminti na Ashaka yana cikin jihar.

6.0 Abin da Tarihin ya Nuna

Sashe na 121 na Tsarin Mulki ya wajabta wa gwamna gabatar da kasafi ga majalisar jiha kowace shekara, kuma kasafin kashi biyu ne: na manyan ayyuka da na harkokin yau da kullum. Gina gida yana cikin na farko, ana buɗe shi da biki, a sa masa sunan wani. Gyara yana cikin na biyu, inda yake gogayya da albashi da fansho, kuma in kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara jinginewa. Sashe na 120 kuma ya tanadi kuɗin shiga su tafi babban asusun jiha, sai fa wanda doka ta ware wa asusu na musamman. Ke nan in ba a yi irin wannan doka ba, hayar da aka karɓa daga gida ba lalle ta koma kansa ba. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan kafa. A Ingila, wata doka ta 1989 ta killace asusun gidajen ƙananan hukumomi, ta yadda hayar da aka tara ba za a kashe ta a wani fanni ba sai kan gidajen. A Singafo, inda kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, majalisun unguwanni ne ke karɓar kuɗin kula da gini kowane wata, suna ajiye wani kaso don manyan gyare-gyare. Dukansu biyu sun haɗa karɓar kuɗi da gyara a hannu ɗaya, kusa da mazauna gidan, abin da muka ga kamarsa a baitulmalin En'e.

7.0 Kammalawa

Mun bi tarihin gidajen hukuma a Gombe ta matakai huɗu: ƙaurar 1919, zuwan auduga da jirgin ƙasa, shirye-shiryen tarayya na shekarun 1970 da 1980, da kuma samun jiha a 1996. Mun ga cewa yayin da gidaje ke ƙaruwa, mai karɓar haya da mai gyara sun yi ta nisa da juna. Muna ganin duk shirin da za a yi nan gaba ya kamata a rubuta kuɗin hanya da ruwa da magudana tare da kuɗin ginin, a kuma fayyace tun farko hukumar da za ta riƙe unguwar da asusun da za ta riƙa gyara daga cikinsa. Ga malamai kuwa, wannan darasi ne da ɗalibi zai iya gani da idonsa. Sunayen unguwanni irin su BCGA da Orji da Federal Low Cost sun isa mafarin tambaya a aji: wa ya gina, da kuɗin wa, kuma wa ke gyarawa yanzu?