Allon da ke maye gurbin kwanon eriya

Duk wanda ya san kwanon satalayit da ake kafawa a saman gidaje ya san cewa lanƙwasarsa ce ke tattara igiyoyin rediyo, ta mayar da su wuri guda. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz, shi ne ya fara amfani da irin wannan lanƙwasa a shekarar 1888.

Sai dai kwano yana da nauyi, yana kuma cin wuri, musamman a cikin kumbo. Wannan ne ya sa injiniyoyi suka ƙirƙiro shimfiɗaɗɗen allo mai yin aikinsa, wanda aka fara gabatar da tunaninsa a Amurka a 1963.

Yadda yake aiki

Ana jera ɗaruruwa ko dubban ƙananan faci-facin tagulla a fuskar allon, kowanne da girman da aka lissafa masa. Girman facin ne ke ƙayyade ɗan jinkirin da igiyar za ta yi kafin ta koma. Idan lissafin ya yi daidai, igiyoyin kan haɗu su ƙarfafa juna, su nufi ɓangare guda.

Gwaji a duniyar Mars

A watan Mayun 2018 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wasu ƙananan kumbuna biyu masu suna MarCO, kowanne ɗauke da irin wannan allo mai ninki uku.

A ranar 26 ga watan Nuwamban shekarar, su ne suka aiko da bayanan saukar kumbon InSight a duniyar Mars kai tsaye. Ba don su ba, da masana sun shafe sa'o'i suna jiran cikakken bayani.

Wayar salula

Yanzu hankali ya koma kan allunan da kwamfuta ke iya sauya musu alkibla. Manufar ita ce a liƙa su a bangon gine-gine domin karkata sigina zuwa lungunan da bene ya tare, abin da ake fatan zai taimaka wa tsarin 6G.

Ƙalubalen dai shi ne, allon yana aiki sosai ne a kan taƙaitaccen zango kawai, yayin da kwano ke karɓar zanguna masu yawa.