Yara Goma Sha Biyu da Ma'aunin Hujja

A 1868 likitan Faransa Guillaume Duchenne ya wallafa cikakken bayani kan wata cuta mai cinye tsokar yara maza. Yaro yakan fara tafiya a makare, ya riƙa faɗuwa, sai ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, kuma galibi kafin shekara 13 ya koma keken guragu. Duchenne ya ga ɓarnar, amma bai san tushenta ba.

Sai a 1986 ayarin Louis Kunkel a Boston ya gano ƙwayar gadon da ke da lahanin, a 1987 kuma aka gano distirofin, sinadarin da ke kare tsoka daga yagewa, wanda yaran suka rasa. Murna ta yi yawa, aka zaci magani ya kusa. A farkon shekarun 1990 aka yi wa yara allurar ƙwayoyin tsoka masu lafiya, ba su ƙara ƙarfi ba. Abin da ya yi amfani tsohon magani ne mai araha, prednisone. A gwajin 1989 aka raba yara 103, wasu aka ba su shi, wasu ƙwayar da ba magani a ciki, bambancin ya fito fili.

A 2016 aka gabatar wa hukumar magunguna ta Amurka eteplirsen, wanda babban gwajinsa ya tsaya kan yara 12 kacal. Iyaye da yaransu suka cika zauren suna roƙo. Kwamitin masana ya ce hujjar ba ta isa ba, amma a watan Satumba hukumar ta amince. A 2023 ta sake amincewa da Elevidys, mai shigar da gajeren kwafin ƙwayar gadon cikin jiki. A 2025 matasa biyu da suka karɓe shi suka rasu sakamakon lalacewar hanta.

Ba na ganin laifin uwar da ta ƙi jira, domin tsokar da ɗanta ya rasa ba ta dawowa. Sai dai a wannan tarihi na ga sau da yawa sauri ya haifi nawa: maganin da aka saki ba hujja yakan bar iyaye shekaru cikin kokwanto. Yaron da ya yarda aka yanki tsokarsa don bincike yana bin masana bashin amsa tabbatacciya, kuma gwaji mai kwatance irin na 1989 ne ke iya biyansa.