Infaƙul Maisuri: Yaƙin Gobir a bakin wanda ya ci Alƙalawa

Duk wanda ya tashi neman sanin yadda daular Gobir ta faɗi, ko ta wace hanya ya bi, a ƙarshe sai ya iske kansa gaban littafi guda, wato Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda aka kammala a shekarar 1812.

Marubucin dai ba ɗan kallo ba ne. Yana cikin manyan jagororin rundunar da ta ci birnin Alƙalawa a watan Oktoban 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Kufan birnin yana nan a ƙasar Sabon Birni, kusa da gulbin Rima, a gabashin jihar Sakkwato.

Wannan ne ya sa ra'ayoyin masu karatu suka bambanta game da littafin, musamman a Sabon Birni da Isa, inda jikokin ɓangarorin biyu ke zaune tare, suna auratayya, suna kuma sallah a sahu ɗaya.

Marubucin da zamaninsa

An haifi Muhammadu Bello a 1781. Yana da kimanin shekara 23 lokacin da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, kuma bai wuce 31 ba sa'ad da ya ajiye alƙalami. Shehu yana raye a Sifawa a lokacin, Bello bai zama Sarkin Musulmi ba sai 1817.

Ma'ana, shekara huɗu kacal ke tsakanin faɗuwar Alƙalawa da rubuta littafin. Gobirawa ba su gama miƙa wuya ba, kana ga wata muhawara mai zafi da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno, wanda ya tambayi jagororin jihadi da wace hujja suke yaƙar mutanen da ke sallah da azumi.

Saboda haka littafin yana da aiki biyu: bayar da labari, da kuma kare matsayi. Ya fara da bayanin ƙasashen Tukururu da malamansu, ya shiga rayuwar Shehu da wa'azinsa, sannan ya bi yaƙe-yaƙe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Bello bai ɓoye ba

Masu sukar littafin kan ce tarihin mai nasara ne. Haka ne, amma wanda ya karanta shi tun daga farko har ƙarshe zai ga cewa marubucin bai tsallake ranakun baƙin ciki ba.

Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yunin 1804, inda maharban jama'a masu 'yan dawaki kaɗan suka karya barade da 'yan lifidin Gobir, sai aka yi karon Tsuntsuwa, dab da Alƙalawa, a ƙarshen shekarar. A nan Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna. Adadin da littattafan tarihi ke kawowa, kimanin mutum 2,000 da suka haɗa da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, daga ɓangaren jama'ar ya fito, ba daga abokan gaba ba. Haka kuma an kawo labarin Alwasa a 1805, da yunwa da cutar da suka addabi rundunar.

Wani abin lura kuma shi ne, Bello ya kwafo wasiƙar Elkanemi cikin littafin nasa, da hujjarsa cewa aikata saɓo ba ya mayar da mutum kafiri, kafin ya mayar da martani. Da bai yi haka ba, da yawancin masu karatu na yau ba su san ƙarfin wannan suka ba.

Har ila yau, a wajen bayanin asalin ƙasashen Hausa, Bello ya ware Gobirawa, ya ruwaito cewa 'ya'ya ne da suka samo asali daga Kibɗawan Masar. Wannan magana ta yi daidai da abin da Gobirawa ke faɗa game da fitowarsu daga gabas, kuma ba abin mamaki ba ne idan mai ja da sauran littafin ya riƙe wannan shafi da hannu biyu.

Shaidar Abdullahi

Littafi na biyu da ake haɗawa da Infaƙ shi ne Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto. Ya tattara shi a 1813, waƙoƙinsa ne na Larabci tare da bayanin dalilin da ya sa aka yi kowace.

Abdullahi ya fi ɗan wansa fito da ɓacin rai. A 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙar Alƙalawa, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda abin da ya gani na son duniya da neman mulki a tsakanin wasu mabiya. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam, daga baya ya komo.

Masu karatu da dama na ganin cewa wannan shaida ta cikin gida ta fi duk wata suka ta waje nauyi. To sai dai ya kamata a lura, Abdullahi yana kuka ne da halin mabiya, bai taɓa janye hukuncinsa a kan sarakunan Gobir ba.

Inda gardamar take

A zaurukan karatu, ana ɗaukar waɗannan littattafai a matsayin rubutun malamai mujtahidai, waɗanda adalcinsu ya isa a karɓi ruwayarsu. Mai wannan ra'ayi ba ya raba labarin yaƙin da hukuncin shari'ar da aka gina shi a kai.

A jami'a kuwa tambayar daban ce: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa? Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi fice wajen nacewa a kan cewa kowace majiya, rubutacciya ko ta baka, sai an auna ta da yanayin da ta fito. Shi da abokan aikinsa sun kuma yi watsi da fassara jihadin a matsayin faɗan Fulani da Haɓe, fassarar da Turawan mulki suka yayata. Sunan da E. J. Arnett ya sa wa fassararsa ta Infaƙ a 1922, The Rise of the Sokoto Fulani, shi kansa ya nuna wannan karkata.

Abubuwan da ke cikin littattafan ba su goyi bayan wannan rabo ba. Malam Abdussalami, wanda harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana ya zama sanadin ɓarkewar rikicin, Ba'are ne. Akwai Fulanin da suka tsaya tare da Gobir. Zamfarawa kuwa da farko sun mara wa Shehu baya, domin ba su manta da yadda Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajajen 1760 ba, amma daga baya da yawansu suka juya, bayan da rundunar jama'a ta matsa musu wajen neman abinci.

Sai kuma ra'ayi na uku, wanda aka fi ji a tsakanin Gobirawa. Abin da ke damunsu shi ne shirun littafin a kan nasu ɓangaren, ba lissafin yaƙe-yaƙe ba. Batun Gimbana misali ne. A wajen Bello, zalunci ne aka yi wa Musulmi, aka kama su bayi, jama'ar Ɗegel suka kwance su. Amma mai kallo daga fadar Alƙalawa zai ga talakawan sarki sun tara makamai, sun tare rundunarsa, sun ƙwace kamammu. Elkanemi ya samu damar faɗin hujjarsa da bakinsa. Abdussalami ma, da ya yi tawaye a Kware a 1817, Bello ya adana wasiƙunsa a cikin Sardul Kalam. Yunfa da malaman fadarsa ba su samu haka ba. Abin da aka sani na maganarsu, ta bakin abokan gabarsu aka ji shi.

A nan ne wannan koke ke da ƙarfi, kuma yarda da gaskiyar Bello ba ta kawar da shi.

Kwatanci da yaƙin basasa

Masu karatu a Najeriya sun saba da irin wannan gardama. Janar Olusegun Obasanjo ya wallafa My Command a 1980, inda ya ba da labarin yadda ya karɓi ragamar runduna ta uku a 1969 har zuwa miƙa wuyan Biyafara a watan Janairun 1970. A shekarar ce kuma Alexander Madiebo, kwamandan sojin ƙasa na Biyafara, ya fitar da nasa littafin. Bayan shekara 33, Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a runduna ta ukun, ya wallafa The Tragedy of Victory a 2013, yana ƙalubalantar bayanan Obasanjo da taswirori da hotuna.

Mai karanta tarihin yaƙin basasa yana iya ajiye littattafan nan uku a gabansa ya auna. Mai karanta tarihin Gobir ba shi da na ukun, ba shi ma da na biyun.

Abin da Gobir ta adana

Wannan ba ya nufin Gobirawa ba su riƙe tarihinsu ba. Sun riƙe shi a jerin sunayen sarakuna, da kirari, da bakin makaɗa da masu sarauta. Sunan Bawa Jan Gwarzo, wanda ya gana da Shehu a Magami ya kuma amince da buƙatunsa, har yau yana da kwarjini a ƙasar Hausa baki ɗaya. Amma ruwayar baka ba ta riƙe shekaru da kyau, shi ya sa wasu littattafai ke sa rasuwar Bawa a wajajen 1790, wasu kuma a 1795. Mafi tsufan lissafin shekarun sarakunan Gobir na ƙarni na 18 da ake dogaro da shi yana cikin Raulatul Afkar na Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda shi ma jikan Shehu ne.

Yaƙin bai ƙare da Alƙalawa ba. A 1836 Bello ya sake karawa da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Bayan nan ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya, saɓani a cikin gidan sarautar ya sa Ɗan Halima ya ɓalle, ya sasanta da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama ribaɗi a hannun zuriyar Shehu, masu riƙe da sarautar Sarkin Gobir su ma. Fadar Isa ce Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa waƙa a ƙarni na 20. Garuruwa biyu ne maƙwabta, suna ɗaya na sarauta, amma kowanne da inda yake tsayawa idan ana ba da labarin 1808.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta ƙara raba labarin. Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Najeriya. Kyaftin Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta yi aikin iyakar daga 1906, ya rubuta ruwayoyin da ya ji daga bakin Gobirawa, aka buga su da Faransanci a 1911, wato fiye da shekara ɗari bayan faɗuwar birnin. Boubou Hama ya wallafa Histoire du Gobir et de Sokoto a 1967, shekarar da Murray Last ya fitar da The Sokoto Caliphate. Ɗalibi a Sakkwato ya fi sanin na biyun, na Maraɗi kuma na farkon.

Infaƙ kuwa ya daɗe da zagaya duniya. Hugh Clapperton ya tafi da wani yanki nasa daga Sakkwato a 1824, aka buga fassararsa a Landan a 1826. C. E. J. Whitting ya buga matanin Larabcin a 1951, Bahija Shazili ta sake tace shi a Rabat a 1996, Mervyn Hiskett kuma ya fassara Tazyin a Ibadan a 1963.

Babban binciken da ya dubi Gobir a karan kanta shi ne kundin digirin digirgir na Abdullahi Rafi Augi, wanda ya gabatar a Zariya a 1984, kan rawar Gobir a yankin Rima daga wajajen 1650 zuwa 1808. Irin wannan aiki yana buƙatar zama da dattawa ƙauye-ƙauye, abin da ya yi wuya tun bayan da 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni. A watan Agustan 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato.