Ƙofar Fadar Rano: Filin da Ya Ga Hawa da Saukar Sarauta

Baƙon da ya sauka Rano ya ce a nuna masa tarihin garin, ƙofar fada za a fara kai shi. Abin da zai tarar fili ne a buɗe, ga gidan sarki, ga masallacin Juma'a kusa. Wannan fili shi ne zuciyar kowane tsohon birnin Hausa, kuma ba haka kawai ya samu ba.

Tsarin ya kafu sosai ne a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano, aka sare itacen da ake bauta wa, aka tsayar da masallaci a wurin. Daga nan sarauta da addini suka zama maƙwabta, aka bar sarari a tsakaninsu don jama'a. Garuruwan ƙasar Kano suka ɗauki wannan fasali, kowanne gwargwadon ƙarfinsa.

Rano kuwa ba ƙaramin gari ba ce a wannan lissafi. Tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi ake wa kirari da Autan Bawo, kuma ita da Kano ake ce wa sarakunan baba, saboda rini da karofi. Amma tun ƙarni na 14 Sarkin Kano Yaji, mai mulki daga 1349 zuwa 1385, ya ci ta da yaƙi. Tun daga lokacin ƙofar fadar Rano ta zama ta sarkin da ke da asali irin na Kano, amma yake kai gaisuwa Kano. Bayan jihadi gidan sarautar ya koma hannun Fulani, garin ya zama garkuwar kudu a shekarun da Ningawa ke kawo hari. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai aka mayar da Sarkin Rano hakimi a ƙarƙashin En'e, filin da ake ɗaura sirdin yaƙi ya koma inda dagatai ke kawo kuɗin haraji da jangali.

Abin da ya biyo baya a zamaninmu shi ya fi taɓa ni. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya riga ya soke haraji da jangali, ya ɗaga Rano ta zama masarauta tare da Gaya da Dutse da Auyo. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rushe su. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sake ɗaga Rano, Tafida Abubakar Ila ya zama sarkin yanka, ya rasu a Mayun 2020, Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta ɗaga Rano, a Yuli kuma ta dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano, Kibiya da Bunkure. Duk wannan a Kano ake sa hannu, amma a ƙofar fadar Rano ake jin nauyinsa, domin nan ne ake ganin ko hakimai nawa za su zo da dawakansu ranar salla.

Duk da haka al'adar filin ba ta yanke ba. Da hantsi fadawa na zaune a inuwa, dogari da ja da korensa yana tsaye bakin zaure. Dagaci ya taso tun daga wani ƙauyen Kibiya da rigimar iyakar gona, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ya ce "Allah ya ja zamanin sarki", dogarai su amsa masa da "An gaishe ka". Ranar Juma'a sahu ya fito waje, tabarmi da dardumai su rufe ƙasa. Ranar hawa kuwa ƙura da kakaki da algaita ne, mahaya su zo a sukwane su ja linzami gaban sarki su yi jinjina.

A birnin Siyana na ƙasar Italiya akwai irin wannan fili gaban tsohuwar fadar gwamnatin garin, inda ake tseren dawakai ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta kowace shekara. Sun kiyaye shi ƙarni bayan ƙarni, har Hukumar UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin kayan tarihin duniya a 1995. Mu a nan fili ne abin da aka fi saurin yankawa a yi shaguna. Ina roƙon majalisar Sarkin Rano da ƙaramar hukuma su auna ƙofar fada, su shata iyakarta a rubuce, su haɗa da abin da ya rage na ganuwa, su kuma ɗauki muryar dattawan fada da suka ga 1981 da idonsu tun suna raye.