Gashin Alfaka: Wa Ke Kiwo, Wa Ke Cin Riba?

A kantunan Turai da Amurka, rigar sanyin mata ta gashin alfaka takan zo da ɗan kati mai alkawari biyu: ba a cuci ƙasa ba, ba a cuci mai aiki ba. Na farkon yana da tushe. Na biyun ne tarihi ya sa wa alamar tambaya.

Alfaka ƙaramar 'yar uwar raƙumi ce marar tozo, wadda mutanen tsaunukan Andis ke kiwo tun shekaru dubbai, kuma har gobe mafi yawanta a Peru take. A daular Inka tufa dukiyar sarauta ce: zaɓaɓɓun mata ke saƙa mafi laushinta, mai suna kumbi, sarki ya yi kyauta da ita ko a ƙone ta hadaya. Da Sifaniyawa suka iso a 1532, tumakinsu suka mamaye makiyaya mai kyau, garken alfaka ya ragu ƙwarai, abin da ya saura ya koma can ƙololuwa, wajen mita 4,000, tare da makiyayan Kecuwa da Aimara. Nan suka zauna duniya ta manta da su, sai a 1836 da wani ɗan Ingila, Titus Salt, ya ci karo da dilolin gashin jibge a Libaful ba mai taya su. Ya gano dabarar saƙa shi da zaren auduga, ya yi kuɗin da a 1853 ya buɗe katafariyar masaƙar Saltaire kusa da Bradford. Daga nan birnin Arekifa na Peru ya zama zangon gashi, jirgin ƙasa ya haɗa shi da teku da kuma yankin makiyaya na Puno a shekarun 1870. Da gashi ya yi daraja sai ƙasar kiwo ta yi daraja, manyan masu gandu suka yi ta ƙwace filayen talakawa, har tura ta kai bango talakawan suka yi boren da ake kira na Rumi Maki a 1915. Kasuwa ba ta bar ko launin dabbar ba: masaƙu sun fi son fari domin shi ke karɓar kowane rini, sai makiyaya suka yi ta rage baƙaƙe da jajaye da masu ruwan toka.

Za a ce ai wancan zamani ya wuce, an raba gandaye tun 1969, kuma dabbar ba ta ɓarna. Haka ne: tafinta mai laushi ne, ba kofato ba, kuma tsinke kan ciyawa take yi ba ta tumɓuke saiwa. Akwai kuma ƙungiyoyin mata masu kaɗi da saƙa da ke sayarwa kai tsaye. Sai dai halin dabba daban, halin ciniki daban. Makiyayiya a Puno sau ɗaya take sausaya a shekara, galibi dillali ne zai auna gashin danƙam ya yanka masa farashi. A Arekifa ne wasu mata ke zama gaban tuli, suna murza shi tsakanin yatsu suna ware mai laushi daga mai kaushi, a nan kuɗinsa ke ninkuwa, a hannun manyan kamfanoni 'yan ƙalilan.

Don haka mai saye, kafin ki yarda da katin nan, tambayi nawa aka biya matar da ta yi kiwon.