Arzikin Kudu, Gumin Arewa

Wanda ya sauka a tashar mota ta Adjamé, ko ya zaga kasuwar Treichville a birnin Abijan, zai ji Julanci da Mosanci da Hausa ta kowace kusurwa. Me ya kawo mutanen arewa bakin teku da yawa haka? Bari mu duba tarihi.

Kudancin ƙasar Kodebuwa kurmi ne mai yawan ruwan sama, inda koko da kofi suke yi sosai. Arewa kuwa, wajen Korhogo da Odienné, ƙasar dawa ce da doya da auduga. Faransawa suka zuba ƙarfinsu a kudu. A 1904 suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan, ta kai Bouaké a 1912, ta kai Bobo-Dioulasso a 1934. Maimakon jirgin ya kai arziki arewa, sai ya riƙa kwaso leburori zuwa gonakin kudu, da yawansu kuwa aikin tilas ne ya kawo su. An soke aikin tilas a 1946, amma tafiyar ba ta tsaya ba, gama kuɗin a kudu yake.

Da aka buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, manyan jirage suka soma shigowa Abijan. Turawa suna zaune a unguwar Plateau, ma'aikata baƙar fata kuwa suka cika Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa, da Adjamé, ƙofar masu zuwa daga arewa. Hausawan Nijar ma suka sami gurbinsu. Su ne suka yi suna wajen sayar da garba, wato tsakin rogo da soyayyen kifi, abincin talakan Abijan.

Shugaba Houphouët-Boigny ya ga ratar. Bayan rangadinsa na arewa a 1974, aka kafa gonakin rake da masana'antun sukari, kamar na Ferkessédougou, amma ratar ba ta rufe ba. Da farashin koko ya faɗi, a 1989 gwamnati ta rage kuɗin manomi da rabi. In ruwa ya janye, sai kifi ya fara cin ɗan'uwansa. Aka soma tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali, wane ne baƙo. A 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu, rikicin bai lafa ba sai 2011.

Abin lura, ya mai karatu, shi ne: ruwan sama ya ba kudu koko, amma mutane ne suka zaɓi inda za a gina tasha da makaranta da masana'anta. Ɗan arewan da ke dako a Adjamé ba cin arzikin wani ya zo yi ba. Da gumin kakanninsa aka tara shi.