Dangantakar Darasin Turanci da Sauran Darussa a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

A makarantun sakandare na Nijeriya harshen Turanci yana riƙe da matsayi biyu a lokaci guda. Da farko darasi ne mai zaman kansa, wanda yake da malaminsa da lokacinsa a jadawali da kuma takardar jarrabawarsa. Na biyu, shi ne harshen da ake koyar da kusan dukkan sauran darussa da shi, in ban da Hausa da Larabci da Faransanci da makamantansu. Da Turanci aka rubuta littafin Lissafi, da shi ake yin tambayar Aikin Gona, hatta darasin Addinin Musulunci a jarrabawar WAEC da Turanci ɗalibi yake amsa shi. Saboda haka idan yaro ya faɗi Bayoloji, akwai buƙatar a bincika a gani ko Bayolojin ne bai sani ba, ko kuwa harshen da aka tambaye shi ne ya gagare shi. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye da shugabannin al'umma da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi su fahimci inda wannan dangantaka take, da abin da za a iya yi a kanta ko da a makarantar da ba ta da kayan aiki sosai.

Matsayin Turanci a tsarin ilimi

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi mata gyare-gyare a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, sa'an nan a koma Turanci daga aji huɗu. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da wata manufa ta koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke ta tare da mayar da Turanci harshen koyarwa a kowane mataki. Duk wannan kai-komo a firamare aka yi shi. A sakandare kuwa Turanci bai taɓa gusawa daga matsayinsa ba.

Nauyin da yake ɗauke da shi ya fi fitowa fili a lokacin jarrabawa. Mai neman shiga jami'a sai ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole Turanci ya kasance a cikinsu. A jarrabawar JAMB ma kowa sai ya rubuta Turanci, ko likita yake son zama ko lauya, kuma daga cikin tambayoyi 180 Turanci kaɗai yana da 60, yayin da sauran darussa uku ke da 40 kowanne. Abin da ya faru a watan Agusta na 2025 ya isa misali. Lokacin da WAEC ta fara sakin sakamako, kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta gano kuskure a wajen duba wata takarda ta Turanci, ta gyara, sai adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Takarda ɗaya ta darasi ɗaya ta nemi rufe ƙofar jami'a ga dubban ɗaruruwan ɗalibai waɗanda suka ci sauran darussansu.

Kalmomin tambaya

Wuri na farko da Turanci ke haɗuwa da kowane darasi shi ne a kan kalmar da aka buɗe tambaya da ita. Idan aka ce “list” ko “state”, ana son a jero abu ne a taƙaice. Idan aka ce “explain”, ana son dalili da yadda abin ke faruwa. “Compare” na nufin a fito da kamanci da bambanci tsakanin abubuwa biyu, “define” kuma ma'ana ake nema daidai wa daida. Ɗalibin da aka ce ya bayyana yadda zaizayar ƙasa ke aukuwa, ya tashi ya jero ire-irenta, ya rubuta gaskiya amma bai amsa tambaya ba, kuma mai duba takarda ba zai ba shi makin ba. Waɗannan kalmomi ba su da yawa, ana iya koyar da su cikin zango ɗaya, sai dai sau da yawa malamin Turanci yana ɗauka malamin kimiyya ya koyar da su, shi kuma malamin kimiyya yana ganin aikin malamin Turanci ne. A tsakani sai yaro ya tashi a tutar babu.

Kimiyya da Lissafi

A nan ne matsalar ta fi zurfi, domin kimiyya takan ɗauki kalmar da yaro ya riga ya sani ta ɗora mata wata ma'ana dabam. A ajin Turanci an koya masa cewa “table” teburi ne, a Lissafi kuma jadawali ne. “Solution” mafita ce a hira, amsar lissafi ce a Lissafi, a Kemistiri kuwa ruwan da aka narkar da wani abu a cikinsa ne. “Product” kayan da kamfani ya sarrafa ne a darasin Kasuwanci, amma a Lissafi sakamakon sau ne. Haka “cell” da “power” da “volume” da “root”. Yaron da ya fito daga firamare ta karkara da ma'ana ɗaya tak ga kowace kalma zai riƙa karanta tambaya yana ganin ya gane, alhali hanya dabam ya kama.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafi mai magana da Hausa musamman. A maganarmu ta yau da kullum kalmar “nauyi” ta wadatar, amma Fiziks ya raba ta biyu, “mass” da “weight”, na farko ana auna shi da kilogiram, na biyu da niyuton, kuma rikita su faɗuwa ce. “Zafi” ma ya rabu zuwa “heat” da “temperature”. Kalmar “ƙarfi” kuwa ita kaɗai takan tsaya a madadin “force” da “energy” da “power”, waɗanda kowanne yake da ma'aunin kansa. Wannan ba gazawa ba ce ga Hausa, domin Bature ma a hirarsa ta gida ba ya rarrabe su, sai ya shiga aji ake koya masa. Abin lura dai shi ne, malamin da ya fassara wa ɗalibai duka ukun da “ƙarfi” ya wuce, ya sauƙaƙa musu darasin yau ya kuma dagula musu jarrabawar gobe. Wajibi ne ya tsaya ya nuna bambancin da misali: turin da mutum ke yi wa amalanke abu ne dabam, abin da ya ƙone a jikinsa wajen turin dabam, saurin da ya yi aikin da shi kuma dabam.

A Lissafi, ɗalibai da dama sun iya aiki idan an ba su lambobi tsirara, amma da zarar an saka lambobin cikin labari sai su tsaya. Ƙananan kalmomi ne ke kayar da su: “at least” da “at most”, “less than” da “not less than”, “twice as many”. “Divide 20 by 4” da “divide 4 into 20” amsarsu ɗaya ce, wato 5, duk da cewa lambobin sun sauya wuri. Yaron da yake tallar gyaɗa ko yake taya mahaifinsa awo a kasuwa yana yin lissafin da ya fi wannan wuya da ka, kullum.

Rubuta rahoton gwaji a ɗakin kimiyya kuwa nahawu ne zalla. Ana rubuta shi ne da sigar da ba a ambaton mai aikatawa, kuma Hausa tana da irin wannan siga a shirye: an zuba ruwa, an ɗora a wuta, an auna. Malamin Turanci da ya fara daga nan ya kai ɗalibai zuwa ga sigar Turancin zai ga sun kama da wuri fiye da idan ya fara da ƙa'ida. Har ila yau yawancin manyan kalmomin kimiyya daga Girkanci da Latin aka gina su, gaɓa-gaɓa. Wanda ya san “photo” haske ne, “bio” rai, “geo” ƙasa, “hydro” ruwa, zai iya warware ma'anar kalmomi da yawa da bai taɓa gani ba. Wasu kuma daga Larabci suke, kamar “algebra” da “alkali”, kuma asalin “zero” ɗaya ne da “sifiri” da muke faɗa. Ɗalibin da ya yi karatun allo ko Islamiyya yakan ji daɗin sanin haka.

Aikin Gona, Tarihi da ilimin zamantakewa

Ga mutanen karkara, amfanin wannan dangantaka ya wuce ɗakin jarrabawa. Buhun taki yana zuwa da rubutu kamar NPK 15-15-15, kwalbar maganin feshi tana ɗauke da bayanin mililita nawa za a zuba a lita nawa na ruwa da kwana nawa za a jira kafin girbi, kuma galibi da Turanci. A gidaje da yawa ɗan sakandare ake kira ya karanta. Idan ya karanta daidai ya haɗa Turanci da Lissafi da Kemistiri da Aikin Gona a zama ɗaya. Idan ya kuskure, ana iya ƙona shuka ko a cutar da mai feshi da masu cin amfanin. A ganinmu irin wannan takarda ta fi cancantar shiga ajin fahimtar karatu fiye da labarin wata ƙasa mai dusar ƙanƙara da yaro bai taɓa gani ba.

Tarihi da Ilimin Gwamnati da Tattalin Arziki da Labarin Ƙasa darussa ne na dogon rubutu. Suna buƙatar ɗalibi ya iya jera al'amura bisa lokaci, ya kawo dalili da sakamako, ya gina sakin layi mai kai da gindi. Wannan shi ne ainihin abin da takardar insha'i ta WAEC ke aunawa, inda ake neman kalmomi kimanin 450 ana kuma duba abin da aka faɗa, da tsari, da iya furuci, da tsabtar rubutu. Amfanin kuma yana tafiya ne ta ɓangarorin biyu. Ɗalibin da aka ce ya rubuta muƙala kan kwararowar hamada ko ƙaurar matasa zuwa birni, daga Labarin Ƙasa da Tattalin Arziki zai samo abin faɗa. Da yawan waɗanda ke faɗuwa insha'i ba nahawu kaɗai ne ya kayar da su ba, rashin abin cewa ne.

Gurbin Hausa

Ƙarfafa Turanci ba ya nufin korar Hausa daga aji. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, kuma daga irin wannan tushe ne aka sami ɗaliban da suka shiga Kwalejin Katsina suka goge a Turanci, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafinsa Shaihu Umar yana nan da Hausa, Mervyn Hiskett kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, saboda haka malamin Hausa da na Turanci da na Tarihi suna iya aiki da littafi ɗaya. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah domin bayyana ilimin halittu da Hausa. A ƙasar Yarabawa, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa na shekara shida takwarorinsu ba su bar su a baya a Turanci ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce malami ya buɗe ma'ana da Hausa idan ya ga an cije, sa'an nan ya mayar da ɗalibai su faɗa su kuma rubuta da Turanci kafin a tashi, tun da da shi za a tambaye su.

Abin da ya rataya kan makaranta da jami'ai

Tunanin cewa kowane malami malamin harshe ne ba sabo ba ne. Rahoton kwamitin Bullock da aka fitar a Ingila a 1975 ya ba da shawarar kowace makarantar sakandare ta kasance da tsarin kula da harshe a dukkan darussa, kuma a can Turanci harshen uwa ne ga mafi yawan yara. Mu da yaranmu ke koyonsa a matsayin harshe na biyu mun fi su buƙata.

Mafi yawan abin da ake nema ba ya cin kuɗi. Shugaban makaranta yana iya haɗa malamin Turanci da sauran malamai a farkon kowane zango, kowa ya miƙa kalmomin da za su fito a darasinsa, malamin Turanci ya saka su cikin shifta da fahimtar karatu da insha'i. Kowane ɗalibi ya keɓe 'yan shafuka a bayan littafin kowane darasi domin kalmomi da ma'anarsu da Hausa da Turanci. Malamin kimiyya ya daina wadatuwa da rubuta bayani a allo ɗalibai su kwafa, ya riƙa sa su rubuta jimla biyu ko uku da kansu. Jami'an duba makarantu, idan sun kai ziyara, su buɗe littafin Bayoloji ko na Gwamnati su ga ko abin da ke ciki na yaro ne ko kwafe ne kalma da kalma, su kuma sa ɗalibi ya karanta tambaya ɗaya ya faɗi abin da ake nema da Hausa. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana da ta cewa a firamare, inda ake fara ginin, musamman wajen tabbatar da cewa yaro ya iya karatu kafin ya gama aji shida. Kwamitin kula da makaranta na al'umma da ƙungiyar iyaye da malamai kuma suna iya fara da ƙamus na Hausa da Turanci guda ɗaya a kowane aji, da akwati mai makulli na littattafai da tsofaffin jaridu wanda wani malami zai riƙa ba da aro a kowane mako.